Tsakanin Aikin Safe da na Yamma

"Ba zan bar shi ba, Inna."

Ban ɗaga murya ba, amma ban sunkuyar da kai ba. Motar da za ta kai ni garin da aka mayar da ni aiki tana ƙofar gida, direba ya riga ya ɗaure katifa a sama. Inna na tsaye a bakin ɗaki, ta miƙo hannu biyu in ba ta ɗana.

"Na ce ki sauke shi. Garin da ba ki san kowa ba, mijinki yana can daji yana haƙa wa mutane rijiya, wa zai riƙe miki jariri ki tafi aiki? Kwalaben fitsarin naki?"

"Zan samu mai riƙe shi."

"Ke dai komai za ki samu. Ni na raine ki, na raini ƙannenki, ko akwai wanda ya fito da ƙafa ɗaya?"

"Wata bakwai gare shi, Inna. Nono yake sha."

"Madarar gwangwani ta ƙare a duniya ne?"

Na gyara goyona na durƙusa na yi mata sallama. Ta amsa da baki, ba ta dube ni ba. Kumatu kawai ta duba, haka muke kiran yaron saboda fuskarsa duk kumatu ce, ta shafa kansa ta koma ɗaki.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a asibiti. Jini, fitsari, majina, duk abin da mutum ke ƙyamar dubawa a jikinsa, ni nake duba masa. Ban taɓa jin kunyar aikina ba, kuma ban taɓa ɓoye cewa na iya shi ba. Ba a tura ni wannan ƙaramin gari dole ba, ni na nema. Na ji za a kawo wa asibitin sabuwar na'urar gwajin jini, irin wadda a makaranta a hoto kawai muka gan ta, kuma duk wanda aka koya wa sarrafa ta zai samu takardar shaida da ƙarin girma. Na ce a raina wannan na'ura tawa ce.

Garin titi ɗaya gare shi mai kwalta. Na kama ɗaki da falo a bayan wani shagon ɗinki, washegari na fita neman wurin raino da Kumatu a baya. Gidan raino ɗaya ne a garin gaba ɗaya, a jikin wata makaranta mai shuɗiyar ƙofa. Matar da ke kula da wurin ta leƙa bayana.

"Yana tafiya?"

"Ko rarrafe bai fara ba."

"To ki dawo in ya miƙe. Mu ba ma karɓar na hannu."

Mai shagon ɗinki ta kwatanta min wata mata a bayan kasuwa. Na je. Ɗaki ɗaya ne, taga ɗaya, talabijin yana ta ihu, yara a ƙasa kamar an zubar da buhun albasa. A kusurwa wani jariri yana kwance an tokare masa kwalbar madara da matashin kai, madarar tana bin kuncinsa tana shiga kunne. Matar ba muguwa ba ce, hannu biyu ne kawai Allah ya ba ta. Na gaishe ta na fito. Wata maƙwabciya ta ce za ta sa a kawo min yarinya daga ƙauyensu, 'yar shekara goma, mai hankali. Na ce yarinyar shekara goma aji ya kamata ta shiga, ba ɗakina ba. Tun daga ranar ta daina amsa min gaisuwa da kyau.

Ranar da na kama aiki, da shi na tafi. Akwai wani ɗan sito a bayan ɗakin gwajin inda ake ajiye kwalaye. Na shimfiɗa bargo a cikin wani babban kwalin safar hannu na kwantar da shi, ina aiki ina leƙawa. Abokin aikina, wanda kowa ke kira Dogo saboda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, ya gani ya yi kamar bai gani ba. Mu biyu ne kawai a ɗakin gwajin. Ɗaya yana aikin safe, daga takwas zuwa biyu, ɗaya na yamma, daga biyu zuwa takwas, kuma duk mako ana juyawa.

Kwana kaɗan muka yi a haka kafin Kumatu ya tona mana asiri. Babbar Sista, wadda ke kula da ma'aikatan asibitin, ta shigo neman sakamakon wani mara lafiya, sai ga kuka daga cikin sito. Ta buɗe ƙofa ta tsaya.

"Wannan wane irin samfur ne aka kawo gwaji?"

"Ɗana ne, ranki ya daɗe."

"Na ga alama, ga kama nan. Ke da kika yi karatun, gaya min, a wane tebur ake buɗe majinar masu tarin fuka?"

Na nuna teburin. Tsakaninsa da ƙofar siton bai wuce taku kaɗan ba.

"To ba sai na ƙara magana ba. Daga Litinin kar in sake ganinsa a cikin ginin nan."

Da zalunci ta yi min da na ji sauƙi, da na samu abin faɗa da shi. Gaskiya ta faɗa, kuma na san ta tun kafin ta faɗa.

A asibitin akwai wata nas da ba ma shiri. Mai Allura ake ce mata, wai hannunta ba ya zafi. A makona na farko na mayar mata da kwalaben jini guda uku don ba ta rubuta lokacin da ta ɗiba ba. Tun daga nan ta sa min suna Farfesa, kuma sunan ya bi ni har bakin maigadi. Ranar da Babbar Sista ta kama ni, na fita bayan gini wurin famfo in wanke fuska, sai na tarar da ita a can tana goge gaban farar rigarta da ruwa. Ban buƙaci a gaya min ba. Nono ne ya zubo mata.

"Wata nawa?" na ce.

Ta harare ni. "Za ki rubuta a kwalba ne?"

"Nawa bakwai."

"Ai duk asibiti an ji muryar naki." Ta ci gaba da goga. Can ta ce, "Tara. Mace ce. Barkono muke ce mata, in kin ji kukanta za ki gane dalili."

"Wa ke riƙe miki ita?"

"Ƙanwata. Ta samu makaranta, jibi za ta tafi. Na ce ta jira wata ɗaya, ta ce ai ba ita ta haifa ba." Ta matse bakin rigar. "Kuma gaskiyarta ce, shi ya fi ba ni haushi."

Famfo yana ta zuba. Ni ba mai roƙo ba ce, ita ma na ga ba ta saba ba. Ni na fara.

"In ke kina safe, ni ina yamma…"

"Ke ki riƙe su da safe, ni da yamma." Ta kashe famfon. "Farfesa, ashe kan naki yana aiki a wajen kwalba."

Makon da ya biyo baya dama ni ke yamma, ita kuma ta roƙi a bar ta a safe dindindin, aka yarda, don sauran nas-nas ba sa son sammako. Ranar Litinin ta kawo min Barkono da jakarta da dogon bayani: ba ta son a kwantar da ita ta gefen hagu, ba ta son cokalin ƙarfe, ba ta son a yi atishawa kusa da ita. Na ce ko akwai abin da take so? Ta ce faɗa.

Safiyar ta tafi lafiya. Da ƙarfe ɗaya da rabi na yi wanka na sa kayan aiki, na zauna ina jiran Mai Allura ta zo ta karɓe su in tafi. Biyu saura kwata, shiru. Biyu ta yi, shiru. Na kira wayarta ba ta ɗauka ba. Sai wajen uku saura ta faɗo ɗakin tana haki.

"Me kike yi a nan har yanzu?"

"Ke nake jira! Ina kika tsaya?"

"Ina miƙa aiki mana! Kin taɓa ganin nas ta tashi ƙarfe biyu daidai? Sai na bi gado-gado da wadda ta karɓe ni, in gaya mata wa ya sha magani, wa ya ƙi ci, wa ke jiran ƙarin ruwa. Sannan in taho a ƙafa."

Muka tsaya muna kallon juna. Mu biyu da takardunmu, mun lissafa komai, har da wanda zai sayi sabulu, ba wadda ta tuna cewa aikina yana farawa ne a daidai lokacin da nata bai ƙare ba. Ita ta fara dariya. Ni ban samu damar yi ba, da gudu na fita.

Na tarar da Dogo a tsaye ya rataya jakarsa, kwalabe sun taru a kan tebur.

"Sannu da zuwa, Farfesa. Na ɗauka an ƙara miki girma ne ba a sanar da mu ba."

Washegari muka canza dabara. Na goya Kumatu a baya, na ɗaure Barkono a ƙirji, na rataya jaka biyu, na ɗauki lema, na taka har ƙofar asibiti. Masu shaguna suna ta yi min sannu, wata ta ce Allah ya raya tagwaye, ban tsaya gyara mata ba. Wannan ya cire tafiyar ƙafar Mai Allura daga lissafi, amma bai cire miƙa aikin ba. Har yanzu akwai kusan rabin awa da dole mu biyu muna cikin gini, yaran kuma ba su da izinin shiga. Na dubi maigadi.

"Baba, don Allah…"

"A'a, 'yata. Ni ƙofa aka ba ni tsaro. In mota ta zo da mara lafiya, in buɗe ƙofa ko in rarrashi wannan mai jan idon?"

Saura hanya ɗaya. Dogo ya riƙa ƙara rabin awa a kan aikinsa kullum, ni in zauna da yaran a bakin ƙofa har Mai Allura ta fito. Kuma ya yarda a daina juyawa, shi safe kullum, ni yamma kullum. Na same shi yana wanke hannu na faɗa masa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya goge hannunsa a hankali.

"Kin san na'ura ta iso? Tana cikin akwati a ofis."

"Na sani."

"Mai koyarwar da safe zai riƙa zuwa, wata uku. Mutum ɗaya aka ce a ba shi, don ba za a rufe ɗakin gwaji da yamma ba. Kuma na ji sunanki Babbar Sista za ta tura, ke ce mai sabon karatu." Ya rataye tawul. "Shekarata goma sha ɗaya a ɗakin nan. Na koya wa mutum huɗu aiki, duk sun wuce ni. Ba zan yi miki ƙarya ba, ina son na'urar nan. In kin ɗauki yamma dindindin, tawa ce. Rabin awa kuma na ba ki kullum, har yaron ya shiga makaranta in kina so."

"Ciniki kake yi da ni?"

"Ke kika kawo kayan, ni farashi kawai na faɗa."

Na fita na bar shi a tsaye. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ɓata shi, na rasa laifin da zan ɗora masa. Ba shi ya tsara lokacin koyarwar ba.

Ranar Asabar na kira Baban Kumatu. Ana jin ƙarar injin haƙa a bayansa. Ya ce duk abin da na zaɓa yana bayana, ya ce ƙarshen wata zai zo. Mutumin kirki ne, amma daga inda yake, goyon baya kawai zai iya, ba goyon yaro ba. Na kira Inna, karo na farko da muka yi doguwar magana tun tafiyata. Ban yi niyyar gaya mata ba, bakina ya kufce.

Ba ta ce ai na gaya miki ba. Da ta faɗa da ya fi min sauƙi. Da taushi ta yi magana.

"Wata uku ne fa kawai. Kawo shi. Ki yi karatunki ki karɓi takardarki, ki zo ki ɗauki abinki. Gadonsa yana nan ban naɗe ba."

"Zan yi tunani, Inna."

"Yi tunani. Ba don in ci nasara a kanki nake faɗa ba."

Na yi tunanin kuwa, ranar Lahadi gaba ɗaya, ina wanki ina yi. Inna za ta riƙe shi da kyau, ban taɓa shakka ba. Amma in ya yi wata uku a can, nono ya ƙafe, ya dawo yana kallona kamar baƙuwar da ta zo da tsaraba. Bayan wata ukun kuma na dawo inda nake, aikin safe, ba mai raino, sai a ce a ƙara wata uku, har ya yi tafiya, har ya yi magana. Na ga yadda abin ke tafiya a gidajen ƙawayena. Sannan ga Barkono. Uwarta ta riga ta canza aikinta saboda maganar da ni na fara kawowa a bakin famfo. In na janye, ɗakin bayan kasuwa za ta kai ta.

Ina shanya kaya Kumatu yana zaune a kan tabarma, ya miƙa hannu zai ɗauki murfin roba, ya kife, ya tura gwiwa ɗaya gaba, ya sake kifewa. Ya ɗago ya dube ni da haushi kamar ni na ture shi. Na ce masa, "Haka ake yi, malam. Sake."

Ranar Litinin na shiga ofishin Babbar Sista na ce a sa sunan Dogo.

Ta cire tabarau. "Kin san abin da kike bari? Ba a kawo irin wannan koyarwa kowace shekara."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Ba wanda ya matsa miki?"

"Ba a matsa min. Ba a iya matsa min."

"Wannan kam na lura." Ta mayar da tabarau ta rubuta.

Inna ta yi fushi da ta ji. Ta ce taurin kaina ba daga wajenta na gado shi ba, na ce to daga ina, ta kashe waya. Bayan mako biyu ta aiko direba da ƙullin kayan sanyi na yara, kala biyu, har da na mace. Ba ta haɗo da saƙo ba.

Haka rayuwar ta zauna. Da safe ina da yara biyu a ɗaki ɗaya. Barkono ta koya wa Kumatu ihu, shi ya koya mata cin takarda. In ɗaya ya yi barci ɗaya ya tashe shi. Na koyi cin abinci a tsaye, na koyi wanka da ƙofa a buɗe ina waƙa don su san ban gudu ba. Da rana in ɗaure su gaba da baya mu kama hanya, ko rana ko ruwan sama. Bayana ya yi ciwo har na daina lura. Mu zauna a bencin maigadi, wanda ya rantse ba ruwansa da yara, amma kullum sai ya kaɗa musu makullansa yana cewa ba wasa yake yi ba, gwada su yake. Mai Allura ta fito tana cire hula tun daga nesa.

"Farfesa, miƙa aiki. Wa ya ci, wa ya ƙi?"

"Gado na ɗaya ya ci ya yi kashi sau biyu. Gado na biyu ta ciji gado na ɗaya."

"Da dalili. 'Yata ba ta cizo haka kawai."

In na tashi da takwas in biya gidanta in ɗauki nawa, an yi masa wanka, yana ƙanshin hodar da ba tawa ba.

Ba mu daɗe a haka ba wata mai shara ta tsaya a bencin ta tambaye mu yadda muke yi. Tana da ɗan wata biyar, tana barinsa wurin kakarsa da ba ta gani sosai. Muka haɗa ta da wata mai ba da magani da ke shirin dawowa daga hutun haihuwa. Abu na farko da muka gaya musu shi ne su lissafa lokacin miƙa aiki. Da damina ta kankama, Babbar Sista ta wuce ta gan mu mu huɗu a takure ƙarƙashin rumfar maigadi da yara a hannu. Ta yi gaba abinta. Washegari aka kwashe karyayyun kujeru daga wani ɗan ɗaki da ke jikin katanga, nesa da ɗakunan marasa lafiya, aka ba maigadi makullin ya ba mu. Muka share, muka kawo tabarmi da bokiti mai murfi. Ba gidan raino ba ne, ba ma'aikaciya, ba allo a ƙofa. Wurin jira ne kawai. Amma yanzu in wata ta makara, akwai hannun da zai karɓa.

A ɗakin nan Kumatu ya fara takawa, daga gwiwata zuwa gwiwar mai shara, Barkono tana binsa da ihu don ya riga ta. Mai gidan raino mai shuɗiyar ƙofa ta ce in kawo shi sabon zango. Na ce sai in ta karɓe su tare.

Dogo bai taɓa saɓa alkawari ba. Ko sau ɗaya bai tashi kafin in shigo ba, ko ranar da matarsa ba ta da lafiya. Ya gama koyon, ya karɓi takardarsa, aka ƙara masa girma. Yanzu shi ne shugaban ɗakin gwaji, shi ke sa hannu a takardar hutuna. Na'urar tana nan a kusurwa, fara tas, an lulluɓe ta da leda. Da yamma in samfurinta ya zo, sai in sa a firji in rubuta masa ya yi da safe, domin ba ni da izinin kunna ta. Wani lokaci yana nuna min yadda take aiki a cikin rabin awarsa, amma nuni ba takarda ba ne.

An ce za a sake kawo mai koyarwa nan da shekara uku, in an samu hali. 'Yan ajinmu da na fi su maki sun wuce ni da mataki guda, wasu biyu. Saboda na'urar nan na bar garinmu na zo inda ban san kowa ba, kuma ban same ta ba. Abin da riƙe ɗana a hannuna ya ci min ke nan, kuma da sanina na biya.